Shekarar da Aka Ware Mini Kwano

Abu biyu ake faɗa game da hannuna na dama, kuma duka biyun ba haka ba ne. Ku 'ya'yana kun taso kuna ganin ina rubutu da hagu, ina yanka albasa da hagu, sai kuka ɗauka bahaguwa aka haife ni. 'Yan uwana na Argungu kuwa, har yau in an taru wajen suna ko biki, sai an samu mai jan jikarta gefe tana ce mata kada ta yarda da aikin asibiti, ta dubi Luba, shanyewar wani tsoho ce ta biyo hannunta. Na gaji da gyara maganar nan baki-baki, shi ya sa zan rubuta ta sau ɗaya in huta. Da dama aka haife ni, da ita na ci tuwo har na gama sakandare. Tsohon da suke nufi kuma, hannuna ya riga ya faɗi kafin ma a kawo shi asibiti. Ƙarfen bayan akori-kura ne ya danne mini jijiya ina barci. Iyakar dalilin ke nan. Abin da ya biyo baya shi ne nake so ku sani.

A lokacin Birnin Kebbi tana ƙarƙashin Sakkwato, ko tsintsiya za a saya wa asibiti sai an aika can an jira amsa. An ɗauke mu horon mataimakan masu gashin ƙashi, muka yi karatun aji a Sakkwato, sannan aka turo mu huɗu Birnin Kebbi mu koyi aikin a jikin majinyata. Ɗakin gashin yana can ƙarshen asibitin, kusa da inda ake wanki. Ba wani abin kallo a ciki: gadaje masu tauri, fitilar gashi mai jan haske, tukunyar da ake narka kyandir a tsoma hannun da ya ƙage, ƙarafa biyu dogaye da mai koyon tafiya ke dafawa, sai wata na'urar lantarki da ke sa tsoka ta yi tsalle ko mai ita bai so ba. Masu zuwa wurinmu su ne yara masu shan inna, da waɗanda aka kwance wa filasta gaɓa ta ƙi lanƙwasuwa, da tsofaffin da hawan jini ya shanye wa ɓarin jiki. Shugabarmu Madam Fola ce, Bayarabiya, amma a Birnin Kebbi ta girma, uwarta na sayar da kwanuka a kasuwa. In tana magana bayan labule ba za ka ce ba Bakaba, 'yar asalin Kebbi, ba ce.

A cikinmu huɗu ni ce mai ƙarfin hannu. Na taso ina dakan shinkafa, saboda haka tausa da miƙar da gaɓa ba su gajiyar da ni. Abin da ba ni da shi haƙuri ne. In na ce wa majinyaci ya ɗaga hannu ya tsaya yana kallona, sai in ji raina ya ɓaci. Madam takan ce aikin nan rabinsa jira ne, ni kuwa in ce a raina ta ba ni ɗaya rabin, jiran ta bar wa wasu.

Da damina abin ya faru. Na je gida Argungu ƙarshen mako, zazzaɓi ya kama ni, na sha kulorokwin. Ni in na sha shi sai jikina ya yi ta ƙaiƙayi, don haka na ƙara da ƙwayar hana ƙaiƙayi, ita kuwa barci take sawa kamar an jefa mutum rijiya. Inna ta ce in kwana, na ƙi, don ba na son Madam ta ga gurbina babu kowa ranar Litinin. Bayan azahar na shiga akori-kura cike da buhunan shinkafa da kwandunan busasshen kifi. Na samu wuri a gefe, na rataya hannuna na dama ta bayan ƙarfen don kada in faɗo, barci ya ɗauke ni. Daga baya na ji cewa kafin Ambursa motar ta kafe a taɓo, maza suka sauka suna turi, wani buhu ya zame ya matse damtsena a jikin ƙarfen. Matan da ke ciki sun ga ina barci, suka ce a ƙyale yarinya ba ta da lafiya. Tausayi ne suka yi mini. Ban farka ba sai a tashar Birnin Kebbi, rana ta kusa faɗuwa. Na miƙa hannu in ɗauki ƙullin kayana, sai na ga hannun ya rataya daga wuyansa kamar kan kazar da aka yanka. Na yarfa shi, na murza, na ce sagewa ce, za ta sake ni kafin in kai gida. Ba ta sake ni ba.

Da safe na ɓoye shi cikin mayafi, amma Madam ba a ɓoye mata gaɓa. Ta zaunar da ni a gadon majinyata, ta ɗora hannun a kan tebur.

"Ɗaga wuyan hannun."

Na yi ƙoƙari har gumi ya karyo mini. Ko motsi.

"Buɗe yatsu. Ɗaga babban yatsa." Ta ɗauki tsinke ta taɓa bayan hannun. "Kin ji?"

"Kamar ta bisa tsumma."

"To, malama mai sauri, ke kin karanta. Hwaɗa mani mi na wanga."

Na gaya mata: jijiyar da ta zagayo ta bayan ƙashin damtse ce aka danne, ita ke ɗaga wuyan hannu da yatsu. Ta ce na ci. Na tambaye ta yaushe zai tashi. Ta ce wasu kafin wata ya mutu, wasu sai an yi girbi, wasu kuma ba ya dawowa duka, kuma ita ba ta san wanne ne nawa ba. Nan take ta jiƙa filasta ta yi mini abin tallafi, tun daga tafin hannu har kusa da gwiwa, ta ɗaure da bandeji don wuyan hannun ya tsaya a ɗage. Tana cikin ɗaurin ta faɗi sauran maganar, ba ta ko ɗago kai ba.

"Masu jarabawa za su zo daga Sakkwato bayan an yanke shinkafa. Za su sa ki ɗaga mutum daga gado, ki miƙe mai ƙafa, ki yi tausa. In hannun bai tashi ba, akwai gurbi ɗakin kati."

Ɗakin kati shi ne inda ake zaune bayan taga ana rubuta sunan majinyata. Na ce mata ban baro Argungu don in zauna bayan taga ba. Ta ce ta ji, in tafi gida in huta tukuna.

Hutun nan da ban je ba ya fi. Kafin in kwance mayafi gida ya cika. Gwaggo Ige, yayar Babanmu, ita ta fara yanke hukunci, tana riƙe da hannun da yatsu biyu kamar abin da aka tsinto a kwata.

"Ban hwaɗa ba? Kullum kina murzar shanyayyu, cutar ina za ta? Ta biyo hannu ta."

"Gwaggo, ƙarhen mota na."

"Mu dut ba mu shiga mota? Wa ƙarhe yas shanye?"

Wani kawuna masunci ya ce iskan ruwa ne, motar ai a fadama ta kafe. Aka kawo turare, aka kawo man shafawa mai warin kifi. Inna kuwa shafa mini take yi tana sharar ido da gefen zane. Baba ya jira mutane suka ragu, sannan ya tsaya a bakin ƙofa ya ce aikin taɓa jikin mutanen da ba a sani ba, shi dama bai taɓa kwanta masa ba, in zauna gida. Na ce masa ba na zama. Ya dube ni, ya fita.

Duk wannan bai dame ni ba, surutu ne, ni ma na iya. Abin da ya shiga jikina a wajen cin tuwo ya faru. A gidanmu mata kwano ɗaya muke ci, Inna da Gwaggo da ni da ƙannena, a tabarma ɗaya, tun ina rarrafe. Ranar tuwon shinkafa ne da miyar kifi. Na kwance filastar, na sa dama, na yanko loma da ƙyar, kafin ta kai bakina hannun ya lanƙwashe, lomar ta faɗi a tabarma. Na sake, ta faɗi a cinyata. Yunwa nake ji, ban tsaya tunani ba na miƙa hagu. Gwaggo ta cafke ni kafin yatsuna su taɓa miya.

"Ke! Cikin kwanon mutane?"

Kowa ya tsaya da ci. Inna ta tashi, ta ɗauko ɗan kwanon da ake zuba wa yaro in an yaye shi, ta ɗebar mini tuwo da miya, ta ajiye a bakin tabarma, ta ɗora cokali a kai. Ba wanda ya zage ni, ba wanda ya kore ni. Inna ma tsokar kifin da ta fi kyau ta zaɓar mini. Na juya musu baya na ci, ina jin hirarsu ta ci gaba a bayana, tazarar da ba ta kai taku biyu ba. Ban ƙarasa hutun ba na koma Birnin Kebbi.

A can ma hagun ce ta tare mini hanya. Na ce wa Madam ta bar ni in yi aiki da ita, ta ce in gwada. Majinyaciyar farko wata Hajiya ce mai ciwon gwiwa, wadda da ba ta yarda kowa ya taɓa ta sai ni. Ina kai hannu ta janye ƙafa ta rufe da zane.

"Da hagu za ki taɓa ni? Ke ɗiyar ina ta?"

Wata kuma ta dubi filastar ta ce ita da ƙafa ɗaya ta zo, ba ta son ta koma da ciwo biyu. Ashe maganar Gwaggo ba a gidanmu kaɗai take ba, sai dai nan juya ta aka yi, ni ce zan shafa musu. Sai na koma mai kunna fitila da narka kyandir. Da hantsi kuma in bi layi tare da majinyata, abokan horona su manna mini na'urar lantarki, in zauna ina kallon yatsuna suna tsalle da kansu, da an kashe su sake zubewa. A ɗakina na koya wa hagu abin da dama ta sani: ɗaura zane, riƙe biro, yanka loma. Rubutuna ya koma na 'yar aji ɗaya. Abincin rana kuwa bayan ɗakin wanki nake kai shi, inda ba mai ganina.

Ana cikin haka aka kawo Baba Manu daga Augie, manomin albasa, dogon tsoho mai faɗin kafaɗa. Hawan jini ya kayar da shi a gona, ɓarin dama ya tafi, baki ya ɗan karkace amma magana tana fita, kuma duk mai zafi ce. Abokan horona biyu ya kora a mako guda. Madam ta ce tunda bakina da nasa ƙira ɗaya ce, in je ɗakin maza in riƙa motsa masa gaɓoɓi kada su ƙage. Na same shi kwance, matarsa Tumba zaune a ƙasa tana masa fifita. Ya ƙare wa filastata kallo.

"Likita ta ko majinyaciya?"

"Dut biyu, Baba."

"Sun rasa mai hannu biyu, sai sunka aiko mani ragowa?"

"Ragowa ga ragowa. Ba ni hannun."

Tumba ta kama baki. Shi kuwa ya yi wata dariya da rabin fuska, ya ce in ɗauka, hannun ya riga ya mutu, ba abin da hagu za ta ƙara masa. Shi ne mutum na farko da na yi wa aiki tun faɗuwar hannuna. Na tallafe gwiwar hannunsa da filastata, na riƙe tafin da hagu, na juya kafaɗar a hankali. Dole ce ta sa na yi a hankali, hagu ba ta iya sauri ba. Ya ce bai ji zafi ba kamar na waɗancan, wataƙila in na girma ya aure ni. Na ce masa sai ya fara tashi tsaye, ba na auren na kwance.

Tashi tsayen ne ya gagara. Ƙafarsa ta fara amsawa, ya kamata a ce ya dafa ƙarafa, amma da an zaunar da shi sai jiri ya ɗebe shi. Ramewa yake ta yi. Madam ta ce in dai bai ci ba, ba abin da za mu iya. Na tsare Tumba a baranda, ta gaya mini yadda ake ciki. In ta kai masa loma baki sai ya kawar da kai, ya ce shi ba jinjiri ba ne. In ta ce ya ci da hagu sai ya ce ta fita. Kunu kawai yake kurɓa, shi ma in ba mai kallo. Ta ce a Augie zaurensa ne ake haɗuwa da yamma, maƙwabta kowa ya kawo akushinsa a juye wuri ɗaya, kuma shi ke fara sa hannu.

Na koma na ce masa ai akwai lalura, ko malamai sun yarda a ci da hagu. Ya dube ni kamar na faɗi abin da yaro ya sani.

"Malam ya zo ya hwaɗa mani, naj ji, na gode. To Malam za shi ci kwano ɗaya da ni?"

Amsar na san ta tun daga tabarmar gidanmu. Washegari da rana, maimakon in zagaya bayan ɗakin wanki, sai na ɗauki kwanona na tuwo da buta da sabulu na shiga ɗakin maza. Ba wata dabara na tsara ba, na dai gaji da cin abinci ina kallon bango, kuma haushin tsohon nake ji. Na sa Tumba ta tayar da shi ta jingina da matashi. Na ajiye kwanon a kan gado tsakaninmu. Na wanke haguna da sabulu a gabansa har ya yi kumfa, na jawo tasa na wanke, yana ta fizgewa.

"Mi za ki yi, ke marar kunya?"

"Ci za mu yi. Ni gidanmu an ware mani kwano, da cokali bisa. Kai ma in ka koma za a ware maka. Kahin nan ga ni ga ka."

"Da hannun da ka shiga bayan gida?"

"Shi na. Ba ka ga sabulu ba?"

Masu jinya duk suka juyo. Na sa hagu na yanki loma, na dangwali miya, na kai baki. Na sake yanka. Ya kafe ni da ido, ni kuwa ban dube shi ba. Da na ci kusan rabi na ce masa in ba ya ci ya faɗa, ni yunwa nake ji, zan cinye. Sai na ga hannun ya taso daga kan bargo, ya tsaya a bakin kwanon. Lomar farko ya yanko ta da girma kamar yadda ya saba, ta tarwatse a ƙirjinsa. Wani saurayi a gadon gefe ya yi dariya, na juya na tambaye shi ko a ba shi aron ciwon ya gwada, ya ja bakinsa. Na nuna wa Baba abin da na koya a ɗakina: loma ƙarama, a murza ta da babban yatsa a jikin sauran, a sunkuyo da kai ya taryi hannu. Ta biyu ta shiga. Ya tauna ya haɗiye, ya ce miyar ba gishiri, wadda ta yi ta ba za ta yi aure ba. Tumba ta fita baranda, ta daɗe ba ta dawo ba.

Daga ranar kullum tare muke cin na rana. Wasu masu jinya suna kawar da kai in sun wuce, na ji ma an kai ƙarata wurin babbar nas, Madam ta ce mata wannan yana cikin magani. Jikinsa ya dawo. Ya dafa ƙarafa ya tsaya yana zagin ƙafarsa, daga baya ya taka, daga baya ya koma sanda. Hannun damansa dai bai dawo ba. Aka sallame shi ana fara yankan shinkafa, aka ce ya riƙa zuwa ana dubawa.

Nawa hannun ya ɗan yi abin kirki. Wata safiya ina alwala na ga wuyan ya ɗaga da kansa kamar faɗin yatsa, na yi ihu har maƙwabciyata ta fito. Ya ci gaba da tashi, amma yatsu suka tsaya rabi, babban yatsan kuwa ya ƙi sam, kamar yadda kuke ganinsa yau. A haka masu jarabawa suka zo. Tambayoyin baki ban bar ko ɗaya ba. Da aka zo ɗaga mutum daga gado zuwa kujera, na rungumo shi da hagu da damtsen dama, muna tsakiyar hanya riƙona ya zame, sai da Madam ta tare shi da gwiwarta. Ba su wuce da ni ba. Ba zan ce sun zalunce ni ba, da ni ce a kujerarsu abin da zan yi ke nan.

Madam ta kira ni ta shimfiɗa mini hanya biyu. Ko in karɓi ɗakin kati, a tabbatar da ni ma'aikaciya nan take, ko in maimaita shekara guda cur, ba tare da alkawarin komai ba, a ƙarƙashin abokan horona da suka zama manyana. Ta ce kada in amsa da zafin kai, in je in yi tunani. Babanmu ya aiko daga Argungu cewa ko kati ko gida, in na zaɓi na uku kada in sa ran zai tako inda nake. Na san shi, in ya faɗa ya faɗa. Kuma gaskiya ɗakin katin ya fara yi mini kyau a ido. Akwai kujera, akwai fanka, ba mai janye ƙafarsa in ya gan ka.

Ina cikin wannan shawara, ranar kasuwa, sai ga Baba Manu ya shigo ɗakin gashi yana dogara sanda, Tumba a bayansa da ƙullin albasa a ka. Ya ƙi zama sai da ya taka daga ƙofa zuwa taga don in gani. Da na kwantar da shi ina juya kafaɗar, na yi masa tambayar da ke cina.

"Baba, an ware maka?"

"Tun ranar da nis sauka. Ɗan kwano, da cokali bisa, yadda kinka ce."

"Sai kac ci?"

"Sai nac ce zauren wa na? Nis sa anka kawo buta da sabulu, niw wanke gabansu, nis sa hannu cikin akushi. Nac ce wanda ba shi iyawa, ga hanya, ba mu yi hwaɗa ba."

"Sun tashi?"

"Sun tashi mana. Da zaure cike shike. Yanzu mu uku na." Ya ƙara da cewa, "Ukun sun ishe ni. Nama ma ya hi yawa."

Ya tambaye ni labarin jarabawa, na gaya masa, har da zancen kati. Bai ba ni shawara ba. Ya dai ce a ɗakin da ya kwanta ya leƙa ya ga an kawo wani, ɓarin dama shi ma, an ajiye masa abinci ƙudaje na bi.

Zan gaya muku abin da zaɓin ya ci mini, don kada ku ɗauka kyauta ne. Waɗanda muka fara tare sun riga ni a komai har muka yi ritaya. Babanmu bai tako Birnin Kebbi ba sai ranar sunan babbarku. A gidanmu kuwa ban iya abin da Baba Manu ya yi ba, don tabarmar ba tawa ba ce. Ɗan kwanon nan shi Inna ta ci gaba da ɗauko mini duk zuwan da na yi, har ta bar duniya, kullum da tsokar da ta fi kyau a kai.

Amma ranar ban san duk wannan ba, kuma ko na sani ba na jin zai canja. Baba Manu da Tumba suna fita na bi Madam har wajen tukunyar kyandir, na ce mata zan maimaita. Ta ce ba ta ce in yi tunani ba? Na ce na yi, ya ishe ni. Na ce kuma ina da sharaɗi: duk wanda aka kawo ɓarin damansa ya faɗi, mace ko namiji, ni za a ba, kuma lokacin cin abincin rana nawa ne da su. Ta dube ni ta dubi hannun, ta ce a ina na taɓa jin wadda ta faɗi jarabawa tana kafa sharaɗi. Na ce yau ta ji. Ta juya tana motsa kyandir, ta ce kwanon da nake zuwa da shi ya yi ƙanƙanta, in je rumfar uwarta in ce ita ta aiko ni.

Na yafa mayafi na nufi kasuwa tun ba a tashi aiki ba, don in samu babba kafin abincin wancan mutumin ya gama hucewa.